Yadda Ake Nazarin Hausar Masu Koyo a Sabon Garin Zariya

"Motan ya lalace." Rubuta wannan jumla a takarda ka miƙa wa ɗalibin da ya karanta nahawu, kafin ka ɗauke hannu ya ja mata jan biro wuri biyu: mota mace ce, saboda haka "motar ta lalace". In ka ƙara masa da cewa wani ɗan kasuwa Ibo ne ya faɗe ta a Sabon Gari, sai ya ce ai magana ta ƙare, tasirin harshen uwa ne, tunda nahawun Ibo bai raba namiji da mace ba. To a sa shi a keke napep a kai shi cikin birni, Kwarbai ko Ƙofar Doka, ya zauna majalisa ya kasa kunne. Zai ji "motan", "rigan", "kasuwan" a bakin mutanen da da Hausa suka buɗe baki. Masu nazarin karin harshe sun daɗe da lura cewa Zazzaganci yana sassauta bambancin jinsi, musamman a mahaɗin nan na -n da -r. Ke nan mai yiwuwa ɗan kasuwar nan bai yi kuskure ba. Abin da ya ji a bakin masu gari ya ɗauka, ya kuma ɗauke shi daidai.

Duk wanda zai yi kundi a kan Hausar waɗanda ba da ita suka tashi ba a Zariya, a nan aikinsa zai tsaya ko ya rushe. Hausar da ke shiga kunnen mai koyo ita ce ma'auni na farko, daidaitacciyar Hausa ta littafi tana biye.

Tsuke tambayar kafin ka fita

Take irin "Kurakuran Yarabawa a Hausa" ya fi ƙarfin kundin digiri na farko, har ma na biyu. Zaɓi abu 2, iyaka 3, waɗanda za ka iya ƙirgawa. A ɓangaren sauti akwai baƙaƙe masu hamza, wato ɓ, ɗ, ƙ, ts da 'y. Akwai tsawon wasali, kamar gari na zama da gari na tuwo. Akwai tagwayen baƙi, kamar mana da manna, daba da dabba. A ɓangaren nahawu akwai jinsi, akwai jam'i, akwai sauyin wasalin ƙarshe na aikatau 'yan giredi na 2 (na sayi doya, na saye ta, abin da na saya), sai kuma komawar "sun" zuwa "suka" da "yana" zuwa "yake" bayan kalmar tambaya: sun zo, amma yaushe suka zo. Karin sauti kuwa, bar shi sai in kunnenka ya horu sosai. Kowane Bahaushe yana bambanta kukan yaro da kukar miya in yana magana, amma a ce masa ya rubuta wace gaɓa ce sama wace ce ƙasa, a nan ake jin kunya.

Daga nan rubuta hasashenka a takarda tun kafin ka ɗauki muryar kowa, kuma ka gina shi a kan abin da aka sani game da harsunan. Yarabanci ba shi da z, ba shi da c, ba ya rufe gaɓa da baƙi irin na "kasko" ko "sarki", wakilin suna ɗaya yake amfani da shi ga mace da namiji. Fulatanci yana da ɓ da ɗ da 'y, yana da dogon wasali da tagwayen baƙi, amma ba shi da ƙ, ba shi da karin sauti. In da gaske harshen uwa ne ke aiki, ya kamata Bafulatani ya wuce "ɗaki" lafiya ya yi tuntuɓe a "ƙofa", shi kuwa Bayarabe ya yi tuntuɓe a duka biyun. A Ibo ma akwai abin lura: a kare-karensu da yawa, sautin da suke rubutawa gb yana kusa da ɓ ɗinmu, don haka kada ka haɗa ɓ da ɗ a kwando ɗaya wajen ƙirge.

Wannan ne ya sa rukuni ɗaya bai isa ba. A 1957 masanin harshe Robert Lado ya yi hasashen cewa inda harsuna biyu suka bambanta, nan mai koyo zai sha wuya. Binciken da ya biyo baya ya nuna gaskiyar rabi ce. Wasu abubuwan kowa yana yin su ko daga wane harshe ya fito, domin mai koyo yana gina wa kansa wani tsari na tsaka-tsaki mai dokokinsa, kamar yadda Larry Selinker ya bayyana a 1972. In Bayarabe da Ibo da Tibi duk suna cewa "yaushe sun zo", ba ka da hujjar ɗora wa Yarabanci laifi.

Su wa za ka ɗauka

Ga kundin digiri na farko, mutum 18 sun wadatar: 6 daga harshe ɗaya, 6 daga wani, sai Zazzagawa 6 waɗanda Hausa ce harshensu na farko. Waɗannan 6 na ƙarshe su ne ɗalibai ke yawan tsallakewa, suna ganin ai ni ma Bahaushe ne, na san yadda ake faɗa. Ba ka sani ba. Abin da ka sani shi ne yadda aka koya maka a aji, ko yadda ake faɗa a garinku in daga Katsina ko Sakkwato ka zo karatu Samaru. Nemi mutanen da suke hulɗa da masu koyon nan kullum, masu sayayya, 'yan dako, masu shagon kusa, ka ba su aiki iri ɗaya da wanda ka ba sauran, da hotuna iri ɗaya, da tambayoyi iri ɗaya.

Kada ka zaɓi mutum da sunansa ko addininsa. Sabon Gari ya kafu ne da zuwan jirgin ƙasa a farkon ƙarni na 20, saboda haka akwai gidajen Yarabawa da jikoki da tattaɓa kunne duk a nan aka haife su, Hausa ta fi Yarabanci zama a bakinsu. A Wusasa akwai Kiristoci waɗanda Hausa ce harshen gidansu. Mutanen kudancin Kaduna, Atyap da Bajju da Ham da sauransu, da yawa sun tashi da Hausa tare da harshensu tun suna goye, a coci ma da ita ake wa'azi da waƙa. Duk waɗannan masu harshe biyu ne tun ƙuruciya, ba su cikin sahun wanda ya sauka a tasha yana ɗan shekara 22 bai san "sannu" ba. In ka cakuɗa su, sakamakonka ya zama kunu.

Takardar tarihin harshe ce za ta raba maka su. Cika ta da bakinka, kada ka miƙa wa mutum ya rubuta. Tambayi harshen uwa da na uba dabam-dabam, inda aka haife shi, shekarunsa lokacin da ya fara jin Hausa kullum, shekara nawa ya yi a Zariya, ko ya taɓa zama Kano ko Jos ko bariki kafin nan, da wane harshe yake magana da matarsa, da 'ya'yansa, da yaran shago, ko ya karanta Hausa a makaranta, ko yana sauraron rediyon Hausa. Shekarun isowa da tsawon zama abu biyu ne, a rubuta su a gurbi biyu. A binciken Johnson da Newport na 1989, wanda suka yi da 'yan asalin Sin da Koriya 46 a Amurka, shekarun da mutum ya isa ƙasar ne suka fi nuna ƙwarewarsa a nahawu, ba daɗewarsa ba. Tambayar bariki ma ba ta banza ba ce: Zariya gari ne na sojoji, ga Daffo ga Basawa, kuma barikanci yana da nasa tsarin da mutum zai iya ɗaukowa.

Wata 'yar magana a gefe. Kalmar "gwaranci" kada ta shiga kundinka, kada ta fito daga bakinka a gaban wanda kake hira da shi. Sunan al'umma ne aka mayar abin ba'a.

Shiga kasuwa kuwa ta ƙofa ake yi. Karɓi takardar gabatarwa daga sashe, ka fara da shugabannin layin ko na ƙungiyar 'yan kasuwa. Faɗa wa kowa cewa za ka ɗauki muryarsa, don karatu ne, ba za a sa sunansa ba, kuma yana iya cewa a tsaya ko a goge. Ɗauki amincewarsa a farkon sautin. Ɗaukar murya a ɓoye haramun ne a wannan sana'a. Abin da ba lalle ka faɗa ba shi ne ainihin abin da kake ƙirgawa. Ka ce kana nazarin yadda ake Hausa a Sabon Gari, gaskiya ne kuma ya isa. In ka ce jinsi kake duba, kowane "ta" sai an yi masa tunani kafin a furta.

Na'ura da wuri

Waya mai kyau ta isa in an haɗa ta da ƙaramin makirfon na maƙalawa a riga. Maƙala shi kimanin santimita 15 zuwa 20 daga baki, a ƙirji, inda mayafi ko sarƙa ba za su riƙa gogarsa ba. Sa manhajar ɗaukar murya a WAV, tsarin da ba ya matse sauti, ka zaɓi 44,100 Hz, bit 16, layin sauti ɗaya, wato mono. Minti ɗaya yana cin kusan megabayit 5, hirar minti 20 ta ci 100 da 'yan kai, mutum 18 su tasar wa gigabayit 2. Rufe layin waya gaba ɗaya kafin ka fara, domin kira ɗaya yana iya yanke ɗaukar. Kada ka karɓi saƙon murya na WhatsApp a matsayin bayanai in sauti kake nazari; ana matse shi ne don ya yi sauƙin tafiya, kuma abin da ake zubarwa wajen matsewar yana cikin abin da kake son aunawa.

Babban abokin gaba janareta ne, sai injin niƙa, sai fanka. Kunnenka yana tace su, makirfon ba ya tacewa. Gurnanin janareta yana zama a ƙasan sauti, daidai inda muryar namiji take, ya ɓata duk wani awon karin sauti. Nemi cikin sito ko bayan shago inda kaya suka cika, buhuna da kwalaye suna shanye amsa-kuwwa. Ɗakin da ba kowa ba komai sai siminti ya fi kasuwa muni. Da damina, in ruwa ya sauko a kan kwano, tattara kayanka. Da hunturu sa wa makirfon soso. Ɗauki gwajin daƙiƙa 30, ka saurara da abin kunne, sannan ka fara. Lokaci kuma na mai shago ne: da sassafe kafin ciniki ya buɗe, ko da rana tsaka in ya lafa. Ranar Lahadi shagunan Ibo da yawa a rufe suke, amma wanda ya yarda ka same shi gida bayan coci, hirarsa ta fi kowace daɗi.

Da ka koma masauki, kwafe sautin wuri biyu a daren, da suna irin Y03-labari, I05-hoto, Z02-hira, wato Y na Bayarabe, I na Ibo, Z na Bazazzagi. Takardar da ta haɗa lamba da sunan gaskiya, ajiye ta dabam.

Aiki uku ga kowane mutum

Fara da hira ta minti 10 zuwa 12. William Labov ya bayyana matsalar da kowa ke fuskanta a nan tun 1972: muna son jin yadda mutum ke magana in ba a sa masa ido, amma ba mu iya ji sai mun sa masa ido. Maganinta shi ne labarin da zai ɗauke hankalinsa daga bakinsa. Yaya aka yi ka zo Zariya? Wane abokin ciniki ne ya taɓa ba ka wahala? Yaya kuka haɗu da madam? Tambayar da amsarta "e" ko "a'a" ce, asarar batir ce.

A nan mai bincike Bahaushe yake yawan ɓata aikinsa da kansa. Da ya ji Hausar mutum ba ta nuna ba, sai ya sauko da tasa, ya fara "kai ya zo yaushe", yana ganin taimako ne. Charles Ferguson ya yi rubutu a kan wannan ɗabi'a tun shekarun 1970, kuma a kowane harshe ana yin ta. In ka yi haka, abin da ka zuba shi za ka kwasa. Yi Hausarka ta kullum, a hankali in ya kama. Kada ka gyara masa, kada ka ƙarasa masa jumla, kada ka yi dariya. In ya tsallaka zuwa Turanci ko buroka, bar shi ya gama, kai ka ci gaba da Hausa, zai dawo. Tsallakawar ma bayani ce, rubuta inda ta faru.

Aiki na biyu labarin hoto ne, kuma nan ya kamata ka kashe lokaci wajen shiri. Zana ko ɗauki hotuna 6 zuwa 8 masu ba da labari ɗaya ba tare da rubutu ba. Tsara shi yadda abin da kake nema zai fito dole. In jinsi ne, sa mace da namiji duk su yi aiki a ciki, a ce mai tallar gyaɗa da direba. Sa kaya mata, mota, kujera, riga, da kaya maza, buhu, kwano, tulu. Sannan ka jefa tarko: sunayen da suka ƙare da -a amma maza ne, gida, ruwa, nama. Mai koyon da ya ce "gidar" ko "ruwa ta zube" ya nuna maka abu mai daraja, ya gano dokar cewa mafi yawan sunaye mata da -a suke ƙarewa, ya wuce da ita gona da iri. Wannan alamar ci gaba ce, ya fi wanda ke sa -n a komai nisa a hanya, ko da yake a takarda dukansu jan biro ne. Gwada hotunan a kan mutum 2 da ba sa cikin bincike. Sau da yawa abin da ka zana a matsayin tulu, kowa randa yake gani.

Na uku ambaton hoto ne, don sauti. Hoto 30 zuwa 40, kowane abu ɗaya: ƙafa, ƙofa, ƙwai, ɗaki, ɓera, tsintsiya, tsuntsu, 'yar tsana, a gauraye da kaza, doki, bishiya, sanda. Kada ka ba da jerin kalmomi a karanta. Yawancin masu koyon kasuwa ba su taɓa karanta Hausa ba, wanda ya iya kuma harafi zai furta maka. Kada kuma ka faɗa ya maimaita, wannan kwaikwayo ka auna. Kowace kalma a sa ta a jumla ɗaya tak, kamar "Na ga ___ jiya", domin a Hausa murya tana gangarowa daga farkon jumla zuwa ƙarshe, kuma gajeren wasali a ƙarshen magana yana zuwa da ɗan tsayawar maƙogwaro da ke rikita awo.

Mai nazarin jam'i yana iya ƙara aiki na huɗu, wanda Jean Berko ta fara da yara a 1958: ƙirƙiri kalmar da babu ita, ka nuna hoton wata halitta, ka ce wannan "kwalza" ce, ga guda uku, mene ne su? Wanda ya ce "kwalzoji" ya mallaki dokar da ta ba mu motoci da tasoshi, har da ganɗantawar z zuwa j. Wanda ya ce "kwalza uku" ko "kwalza da yawa" ya kauce. Duba kowace ƙirƙirarriyar kalma a ƙamusun Bargery na 1934 tukuna. Za ka sha mamakin yawan abin da ka ɗauka ƙirƙira ce alhali kalma ce ta wani kari.

Mayar da murya rubutu

Mutum 18 sau minti 20 awa 6 ke nan. Ware wa kowace awa ta sauti aƙalla awa 10 na zama, wato awa 60 kafin ka fara ƙirga komai, in kuma za ka sa alamar tsawon wasali da karin sauti, ninka. Wanda ya bar wannan sai saura mako 3 a miƙa kundi, ƙarshenta daga ka zai rubuta misalai.

Yi amfani da ELAN, manhajar kyauta ce daga cibiyar Max Planck da ke Holan, tana ɗaure kowane layin rubutu da daidai wurinsa a sauti. Buɗe layi huɗu. Na farko, abin da aka faɗa yadda aka faɗe shi. Na biyu, yadda Zazzagawanka suka faɗi irinsa. Na uku, daidaitacciyar Hausa. Na huɗu, alamar abin da kake ƙirgawa. Layin farko shi ne mai wuya, domin kunnen Bahaushe gyara yake yi ba tare da ya sani ba: mutum ya ce "kafa", hannunka ya rubuta "ƙafa" saboda ka ga hoton ƙafa. Saurari kowace kalmar da ake nazari sau 3, ka rufe sauran layukan. Inda ka yi shakka, buɗe Praat, manhajar awon sauti ta Paul Boersma da David Weenink ta Jami'ar Amsterdam, ita ma kyauta ce. A hoton sauti, ƙ na gaske yana nuna fashewa, sai ɗan shiru, sannan wasali ya fara. K kuwa iska ce ke cike tsakanin. Tsawon wasali a auna shi a gaɓar farko buɗaɗɗiya, irin ta gari da gari, ba a ƙarshen kalma ba.

Sannan nemi wani, wanda bai san hasashenka ba, ya saurari kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na kalmomin ya yanke nasa hukunci. Rubuta sau nawa kuka dace. In kuna saɓawa a 1 cikin kowane 4, matsalar ma'auninka ce, ku zauna ku daidaita shi kafin ka ci gaba.

Maganar haruffa ƙarama ce amma tana kashe aiki. Tsofaffin fon irin Rabi'at, da har yanzu ake buga kundaye da su, suna aron q su nuna ƙ, x su nuna ɗ, v su nuna ɓ. A kwamfutar da ba ta da fon ɗin, "ƙasa" sai ta koma "qasa". Mafi muni, bayananka suna da kalmomin Turanci da buroka a ciki, duk v ɗin da ke cikinsu zai rikiɗe ya zama ɓ. Yi amfani da haruffan Unicode tun daga rana ta farko, da fon irin Charis SIL, ka kuma kashe gyaran kai-tsaye na Word. Alamar 'y ma ka tsaya a kan iri ɗaya, in ba haka ba nema zai riƙa tsallake rabin kalmomin.

Ƙirge

Buɗe Excel, kowane layi misali ɗaya. Ginshiƙai: lambar mai magana, aikin da ya fito ciki, minti da daƙiƙa, jumlar, kalmar, abin da ake sa ran ji, abin da aka ji. Ga jinsi ƙara biyu: mutum ne ko abu, da kuma gurbin da jinsin ya bayyana, wato ya/ta, ko mahaɗin -n/-r, ko dirka ne/ce, ko wani/wata, ko sifa irin sabo/sabuwa. Kada ka dunƙule su. Da wuya ka ji Bazazzagi ya ce wa mace "ya zo", amma "rigan" ba ta hana shi barci. In ka dunƙule, bambancin da ya fi kowane muhimmanci a bincikenka ya nutse.

Kafin ƙirge, fitar da haddatattun maganganu. "Nawa ne", "ba komai", "sai an jima", "Allah ya kai mu", "ina gajiya", duk a dunƙule ake haɗiye su. Mutum zai faɗi "nawa ne" sau 15 a hira, wannan bai nuna ya san aikin "ne" ba. Fitar da duk abin da ya maimaita daga bakinka nan take.

Ƙirga kuskure kaɗai ba ya gaya maka komai. Wanda ya yi 12 cikin 20 da wanda ya yi 12 cikin 200 ba ɗaya suke ba. Ƙirga wuraren da nahawu ya wajabta siffar, sannan sau nawa aka kawo ta. Ga misali da lambobin da aka ƙaga don bayani kawai. A ce Y03 ya sami gurbi 40 da ke buƙatar "ta", ya kawo ta a 28. Raba 28 da 40, kashi 70 ke nan. Amma a ce ya kuma sa "ta" sau 10 inda "ya" ya kamata. Teresa Pica ta nuna a 1983 cewa dole a zuba waɗannan a ƙasan lissafin: 28 a raba da 50, sai ya sauko kashi 56. Lamba ta biyu ce ta fi faɗin gaskiya, domin wanda ke watsa "ta" ko'ina zai ci na farkon ba tare da ya san komai ba. An saba ɗaukar kashi 90 a matsayin alamar an mallaki abu, tun daga aikin Roger Brown na 1973 a kan yara. A Zariya kada ka ɗauki wannan 90 ɗin ido rufe. In Zazzagawanka da kansu, a ce, kashi 50 suke kawo -r a kan kaya, to mai koyon da ya kawo 45 ya iso inda masu gari suke.

Gurbin da bai kai misali 10 ba ga mutum ɗaya, kada ka fitar masa da kashi. Rubuta 3 cikin 4 yadda yake. Nuna kowane mutum a layinsa a jadawali kafin ka haɗa rukuni, domin mai surutu ɗaya yana iya ba da rabin misalan rukuninsa ya ja matsakaicin inda ya ga dama. Saboda wannan dalilin ne ma zuba dukkan misalai cikin gwajin ƙididdiga na kai-sukwaya (chi-square) yake yaudara: gwajin yana ɗauka kowane misali daga bakin mutum dabam ya fito.

Duba kuma abin da ba a faɗa ba. Jacquelyn Schachter ta gano a 1974 cewa ɗalibai 'yan Sin da Japan suna da ƙarancin kuskure a wani nau'in jumlar Turanci, ba don sun iya ba, don suna guje mata ne. A Hausa za ka ga irinsa: mutum bai taɓa kuskuren jam'i ba saboda kullum "mota guda uku" yake cewa, bai taɓa kuskuren "suka" ba saboda gajerun jumloli yake jerawa. Kwatanta yawan gurbin da ya samar da na Zazzagawa a labarin hoto ɗaya. In su sun samar da 20 shi ya samar da 4, ka kama shi.

Wajen bayani a babi na huɗu, kowane abin da ka samu ka bi da shi ta tambaya uku a jere. Zazzagawa ma suna yi? In e, karin gari ne. In a'a, duk rukunonin masu koyo suna yi? In e, sauƙaƙawa ce irin ta kowane mai koyo. Sai in rukuni ɗaya ne ke yi, kuma akwai abin da ya yi daidai da shi a harshensu, sannan ka ambaci tasirin harshen uwa. Wanda ya shekara 30 a Sabon Gari Hausarsa ba ta motsa ba, Selinker ya kira irin wannan daskarewa, amma hira ɗaya ba ta isa ka yanke masa wannan hukunci ba, sai ka ɗauke shi sau biyu da tazara mai tsawo. Iyakar abin da za ka iya cewa shi ne ga inda yake a ranar da ka same shi.

Kowane misali a kundi ya zo da lamba, da lambar mai magana, da mintin da ya fito. Yanke sautin misalan da ka kafa hujja da su, kowane da lambarsa, ka zuba a waya. Ranar kare kundi tafi da ƙaramar lasifika, in mai jarrabawa ya ce bai yarda wani ya faɗi misali na 14 haka ba, ka kunna masa.